Layin da Na Gani a Bindigar Bala

Kun taso kuna jin cewa ni na yanke bindigar Kawunku Bala gida biyu, kuma wai shi ya sa gidanmu na Tudun Wada da gidansu na Tudun Jukun suka yi shekaru ba sa ga-maciji. Ni na yanke ta, wannan gaskiya ne, da rana tsaka kuma idona biyu. Dalilan da aka ba ku ne ban yarda da su ba. Wasu sun ce muku hassada ce, sai ka ce baduku zai yi hassadar mutumin da ke wuni da hayaƙi a ido. Wasu sun ce tsoro ne, ba na son yayanku Haruna ya shiga 'yan sintiri. Goggonku ta ce kaina ne ya taɓu a shekarar, kuma duk cikinsu ita ta fi kusa da gaskiya. Yanzu da Bala ya riga mu gidan gaskiya, ni kuma idona ya fara gajiya da zare da basilla, bari in rubuta muku abin da ya faru, don kada in tafi in bar ku da labarin wasu.

Ni da Bala tare muka tashi, tun kafin in lura yana da ƙanwa mai suna Hajara wadda za ta zama uwarku. Bai saba kirana da sunana ba, Baduku yake ce mini, ni kuma in ce masa Maƙeri. Sana'o'inmu ma a jingine suke da juna. Ya ƙera wuƙa, in yi mata kube. Ya ƙera wa maharba bindigar toka, a kawo mini in naɗe ta da jar fata daga inda bututun ya hau katako, in sa mata maratayi, in ɗinke layun da mai ita ya kawo. Har zugazugin maƙerarsa na fatar akuya ni ke ɗinke su idan sun fara huci ta gefe. Yakan jefo mini su cikin shago ko sallama babu, in gyara, ya zo ya gwada ya ce ɗinkin bai yi ba, ni kuma in ce masa wutarsa ce ba ta da tarbiyya. Haka muka yi ta yi har furfura ta fito mana.

Akwai wata al'ada ta gidansu da sai kun san ta za ku gane sauran labarin. Duk bindigar da ta fito daga maƙerarsu, wanda ya ƙera ta shi ke fara harba ta, a kan kafaɗarsa. Wasu maƙeran sukan ɗaure sabuwar bindiga a jikin bishiya su ja kunamar da igiya daga nesa, amma a gidan su Bala wannan abin kunya ne. Idan kuma wani ya buɗe baki ya ce yana shakkar bututu, ba a yi masa gardama. Maƙerin zai ɗura albarushi ninki biyu, ya tara shaidu, ya ɗora a kafaɗa ya harba. Ba ku riski kakanku na wajen uwa ba, amma ni na ci tuwo kwano ɗaya da shi. Hannunsa na hagu babban yatsa ne kawai ya rage da guntun na kusa da shi. Wani maharbi ne ya yi magana a kan wani tabo a jikin bututu, tsohon ya yi abin da gida ya gada, ashe maharbin ne mai gaskiya. Uwarku tana ƙarama a lokacin, a gabanta aka shigo da shi. Duk da haka a gidan da alfahari ake ba da labarin, a ce hannun maƙeri ya tafi amma na mai saye ya tsira.

Shekarar da nake magana a kai ita ce wadda masu garkuwa da mutane suka matso har gefen gari. Kun tuna da ita, ko da ba ku san abin da ke cikin shagona ba. Manoma suna baro gona tun kafin la'asar. Waya ta yi ƙara a aljihun mutum, sai kowa a majalisa ya yi shiru ya zuba masa ido. Aka fara kafa ƙofofin ƙarfe a bakin lunguna, masu unguwanni suka ce kowane layi ya ba da samari, hukuma kuma ta san da su. Haruna, wanda uwarku har yau ba ta kama sunansa saboda ɗan fari ne, yana gyaran babur a bakin titi a lokacin, matarsa da goyo. Ya zo ya durƙusa ya ce ya ba da sunansa. Ban ji daɗi ba, ba zan yi muku ƙarya ba, amma ban hana shi ba. 'Ya'yan wasu ma suna da iyaye.

Bala da ya ji, sai ya ce ɗan ƙanwarsa ba zai fita da gora ba alhali yana raye. Ya ajiye aikin kowa ya shiga maƙera. Wata safiya cikin damina, ana yayyafi, sai ga shi da kansa a ƙofar shagona da abu a naɗe cikin tabarma. Ya warware a gabana yana murmushin da ba ya iya ɓoyewa in aiki ya yi masa kyau.

"Baduku, ga ta ɗanka. Ban taɓa yin wadda ta kai ta ba. Ka sa mata riga, kuma ka yi ɗinkin mutane, ba irin na zugazugina ba."

Na tambaye shi ko ya harba ta. Ya janye wuyan rigarsa ya nuna mini shatin da ta bar masa a kafaɗa, ya yi dariya ya tafi.

Kafin a naɗa wa bindiga fata sai an goge man da ke jikinta, in ba haka ba fatar ba za ta kama ba. Na raba bututun da katakon kamar yadda na saba, na ɗauki tsumma ina gogewa ina tunanin wani abu daban. Ina juya shi sai na ga layin. Siriri ne kamar gashin kai, a gicciye, ta ƙasa, daidai wurin da albarushi ke zama. Bai kai rabin zagayen bututun ba. Na goga da tsumma bai fita ba. Na ja farcena a kai, farcen ya ɗan tsaya kaɗan sannan ya wuce.

Kada ku ɗauka tabo a jikin bindiga baƙon abu ne a wurina. Abin da aka yi da hannu ba ya fita sumul. Na san tabon guduma, na san ƙurajen da wuta ke bari, na san cin tsatsa, na san sawun magagari, wato ƙarfen nan mai kaushi da ake goge aiki da shi. Amma sawun magagari a ayari yake tafiya, layi kusa da layi. Wannan shi kaɗai ne. Sai kuma zuciyata ta ce ai magagari ma yakan zame sau ɗaya ya yi karta. Idan karta ce, ba komai ba ce, bindigar za ta kai jikoki. Idan kuwa tsaga ce, za ta riƙe yau ta riƙe gobe, wata rana ta buɗe a hannun wanda ke riƙe da ita, kuma wannan hannun na ɗana ne. Ga fatar can a jiƙe cikin ƙwarya tana jirana. Da zarar na naɗa ta ta bushe ta ɗame, ba mai sake ganin wurin sai bayan shekaru. A sana'armu kuma abin da ka gani ƙarƙashin fata ba ka yawo da shi. Mahaifina ya koya mini laya ɗinke ta ake yi, ba a buɗewa, kuma kayan mutum yadda ya zo haka zai koma.

Na zauna da bututun a kan cinyata har aka kira azahar. Lissafin a fili yake, ba ya buƙatar malami. In na yi shiru na ɗinke, Haruna zai rataya ta. In na yi magana, Bala zai ɗura mata ninki biyu ya ɗora a kafaɗarsa. Ko ta ina na juya, hannun wani nawa ne a kan wannan layin.

Sai na shiga ja da lokaci, abin da ban iya ba. Haruna ya biyo da yamma da baƙin mai a hannu, in ce masa damina ce, fata ba ta bushewa. Washegari in ce rinin bai kama ba. Wata rana na ce zaren da nake so ya yanke a kasuwa, alhali ga shi a rataye bisa kansa. Shi kuma yaron kirki, sai ya ce to Baba, ya tafi. Yana juya baya in jawo bututun daga ƙarƙashin buzu. Na dube shi a hasken safiya a bakin ƙofa, na ga karta ce ƙarara, har na ji kunyar kaina. Na dube shi da rana ta take, na ga kamar bakin layin a buɗe yake. Na ari madubin idon maƙwabcina tela na ɗora bisa nawa. Na ƙwanƙwasa shi da bayan wuƙa ina saurare, sai ka ce na san irin kukan da ƙarfe mai lafiya ke yi. Zama ya gagare ni. In ɗauki takalmin wani in fara, in ajiye, in fita bakin titi in tsaya ina kallon masu Keke, in dawo. Na ɓata wa wani malami jakar littattafansa, na ɗinke bakin da ya kamata in bari a buɗe. Ranar da na dawo daga masallaci da takalmi wari nawa wari na wani, uwarku ta ce in zauna.

Tana tsince wake a tsakar gida, hadari ya haɗo ta gabas. Na gaya mata komai, ban rage ba. Hannunta ya tsaya cikin faifan.

"Malam, kada ka gaya wa Yaya."

Na ce to. Ta ci gaba da tsintar, amma na lura waken kirki take zubarwa tare da tsakuwa. Can ta sake ɗagowa.

"Kuma kada ka ba yaron nan."

Na ce mata to ni in yi yaya da bindigar, in cinye? Raina a ɓace na faɗa, don na zaci za ta ba ni hanya ta uku.

"Ni dai na ga hannun Baba ranar," in ji ta. "Bayan wannan ban san komai ba."

Za ku ce me ya hana in je in sami Bala mu biyu, a matsayin abokai, in ce masa ya sake wani bututun a rufe maganar. Na gwada. Na taka har Tudun Jukun na same shi a bakin wuta, muka taɓa zolayar da muka saba, sannan na kewaya na ce wai idan mutum ya ga siririn layi a jikin bututu, ta yaya zai bambance karta da tsaga? Gudumar ta tsaya a sama. Ya dube ni, ya ce a wace bindiga? Na ga idonsa ya tafi wajen ƙahon albarushin da ke rataye a bango, shi kansa ban jin ya san ya duba. Nan take na ce ta wani baƙo ce daga ƙauye, ba aikin gidansu ba. Ya ce to wanda ya ƙera ta ya zo ya harba ta ninki biyu, magana ta ƙare, ya ci gaba da dukan ƙarfensa. Na fito na kama hanyar gida. Mutumin nan da zai ba ni rigar jikinsa, a kan wannan abu ɗaya ba shi da aboki.

Haruna ne ya ƙure mini lokaci. Ya shigo shago, bai zauna ba, ya ce an kusa raba su unguwa-unguwa, kuma kowa ya ga tasa sai shi. Ya ce in dai fatar ce matsala, in ba shi ita haka nan tsirara, jibi zai zo ya ɗauka. Bai ɗaga murya ba, amma na ji cewa haƙurin ya ƙare.

Washegari na naɗe bututun cikin fatu na hau mota zuwa Hanwa. Akwai wani tsohon ɗan sanda a can, Saje muke ce masa, wanda ya yi shekaru yana kula da ɗakin ajiye makamai kafin ya yi ritaya, kuma ni ke yi masa takalman sallah. Duk hanya gabana faɗuwa yake, a shekarar da ake sauke mutane a bincike buhu, ga ni da bututun bindiga a cinya. Allah ya rufa asiri. Saje ya karɓe ni a zaure, ya saurare ni bai katse ni ba, ban kuma gaya masa wanda ya ƙera ba. Ya ɗauko gilashin ƙara girma ya daɗe yana dubawa. Ya shafa wa wurin kalanzir, ya bari ya jima, ya goge tas, ya barbaɗa garin alli. Ya ce idan tsaga ce, kalanzir ɗin da ya shige ciki zai dawo ya jiƙa allin. Muka zauna mu biyu, tsofaffi, mun sa wa ƙarfe ido. Can sai wani ɗan duhu ya fito a kan allin, siriri, da ƙyar ake ganinsa. Na ce shi ke nan, tsaga ce. Saje ya girgiza kai ya ce karta mai ɗan zurfi ma takan riƙe kalanzir haka. Muka sake, wannan karon bai fito ba. Muka kuma sakewa, ya fito rabi.

"Malam Isiyaku, ba zan yi maka ƙarya ba, ban sani ba," in ji shi. "Da a ɗakinmu ne, gefe zan ajiye ta. Ba don na tabbata ba, sai don ban tabbata ba."

Ya ƙara da cewa in dai sani nake so, hanya ɗaya ce a garin nan. A yanka bututun a tsaye, bin tsawonsa, yankan ya ratsa layin, a dubi gefen a ga iya zurfinsa. Bindigar ta tafi, amma za a san gaskiya.

Da wannan maganar na fito, kuma ban hau mota ba, da ƙafa na kamo hanya don kaina ya yi zafi. Ina tafe ina juya ta. A ce na yanka na ga tsaga ce. To Bala ya ba ɗan ƙanwarsa abin da zai kashe shi, kuma na san shi, ba zai tsaya a nan ba. Zai aika a tattaro duk bindigogin da ya ƙera a shekarar, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ninki biyu a kafaɗarsa, har sai wata ta amsa. A ce kuma na ga karta ce. Bindiga dai ta riga ta lalace, na kuma nuna wa duniya na yi shakkar aikinsa, wanda shi ma zai kai mu ga ƙahon albarushin nan. Sai na ga sanin da nake ta haƙilo a kansa ba wanda zai amfana sai ni, don in samu barci.

A Kwangila, kusa da gada, akwai mai walda da ke da injin yankan ƙarfe. Na warware fatun na miƙa masa. Ya dube ni ya dubi bututun, ya ce Baba wannan ai sabo ne. Na ce na sani. Ya ce a ina zai yanka? Na ɗora farcena.

"A nan. A gicciye, a kan layin sosai. Kada ka kauce."

Dutsen injin ya fi layin kauri nesa ba kusa ba. Ya ɗaure bututun, ya kunna, tartsatsi ya tashi, na kau da kai. Kafin in gama salati an gama. Ya miƙo mini guntaye biyu masu zafi, bakinsu yana ƙyalli. Layin ya bi garin ƙarfen da ya zube a ƙasa. Kuma ku ji halin ɗan Adam, ni da na ce a yanka a kan layin don kada a sani, sai da na tsaya a bakin titi ina juya guntayen a rana ko zan ga wani abu. Ban ga komai ba.

Ban je gida ba, Tudun Jukun na wuce, don ban so ya ji a bakin wani. Akwai maharba biyu zaune a maƙerar suna jiran aiki. Na ajiye guntayen a kan uwar maƙera. Bala ya gane su tun kafin ya taɓa. Ya ɗauki ɗaya ya juya, ya dubi bakin yankan, ya ɗauki ɗayan, ya haɗa su, ya raba.

"Me ta yi maka?"

Na ce ba ta yi mini komai ba.

"Ka ga wani abu a jikinta?"

Maharban nan suka miƙe zaune. Na ce ban ce na ga komai ba. Ya ce to don me? Na ce ba na so Haruna ya riƙe ta, iyakarta ke nan. Na shirya wa zagi, na shirya wa guduma ma in ta kama. Amma a hankali ya yi magana.

"Tashi ka fita, Isiyaku."

Tun muna yara ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ranar. Da zagin ya yi da ya fi mini sauƙi.

Sauran kun gani da idonku. Kafin magariba labari ya gama Tudun Wada. Haruna ya zo ya tsaya a ƙofar shago ya dube ni, ya juya, kuma ya daɗe gaisuwarsa ba ta wuce ina kwana. Sintirin kuwa bai fasa ba. Da gora da tocila da usur ya fara fita, daga baya aka ba shi wata bindiga ta wani maƙerin, naɗe da fatar da ban san abin da ke ƙarƙashinta ba. Don haka duk wanda ya ce muku na yanke ta ne don in samu kwanciyar hankali, ku ce masa ban samu ba. Maharba suka ɗauke ƙafa daga shagona, kuma ban ga laifinsu ba, wa zai kai bindigarsa wurin badukun da ke yanke ta? Na koma takalma da jakunkuna. Zugazugin Bala suka koma hannun wani a cikin birni. Amma wadda ta fi kowa ɗaukar nauyin uwarku ce. Ita ke zuwa gidansu biki da ta'aziyya ita kaɗai, a zauna a gabanta a yi ta maganar mijinta, tana da amsar a bakinta ta haɗiye. Ban taɓa jin ta yi mini ƙorafi ba. Ni kuwa na yi kewar Bala ƙwarai, har nakan ji kamar an jefo abu cikin shago in ɗaga kai.

Ba na so ku riƙe Kawunku da komai a zuciya bayan kun karanta abin da ke tafe. Mutum ne da ya yarda da hannunsa, kuma ya yarda ya biya da shi.

A shekararsa ta ƙarshe, lokacin ciwon ƙirji ya fara rage masa ƙarfi, ina zaune da hantsi ina yanke tafin takalmi sai na ji abu ya faɗo a gabana. Zugazugi ne, gefensu ya yage, an yi musu wani ɗinki da ko ɗan koyo ba zai yi ba. Na ɗaga kai, ga shi a ƙofa, ya rame. Bai yi sallama ba, ni ma ban ce masa sannu ba. Ya zauna a kan bencin da ya saba zama. Na ajiye takalmin na ɗauki basilla na fara farke tsohon ɗinkin. Na kai kusan rabi sai ya yi magana, idonsa a kan titi.

"A gicciye yake. Ta ƙasa, daidai mazaunin albarushi."

Basillar ta tsaya a hannuna.

"Na gan shi ranar da na gama ta," in ji shi. "Na ce sawun magagari ne. Na harba, ta riƙe. Sai na shafa mata mai na kawo maka."

Na mayar da basillar cikin fatar. A lokacin ne na gane duk shekarun nan ba da ni kaɗai yake fushi ba. Ya ce guntayen suna nan a ɗakinsa, ba irin hasken da bai duba su a ciki ba. Ya tambaye ni ko na ga wani abu kafin in kawo masa. Na ce a kan layin na sa aka yanka, ba abin da ya rage a gani. Na ƙarasa gefe ɗaya na juya ɗayan.

"To mene ne, Baduku? Karta ce ko tsaga?"

"Ban sani ba, Maƙeri."

Ya gyaɗa kai a hankali. Na ɗaure zaren na ciza, na miƙa masa. Ya ajiye zugazugin a ƙasa tsakanin ƙafafunsa, ya zura hannu biyu ya fara zugawa, dama da hagu, iskar tana kore guntayen fata daga gabana. Ni ba ɗinkin nake kallo ba, yatsunsa nake kallo suna buɗewa suna rufewa, baƙaƙe, duk tabon wuta, ba wanda ya ɓace. Ya tsaya ya kara kunne a gefen da na gyara, ya taɓe baki.

Ya ce ɗinkin bai yi ba. Na ce masa wutarsa ce ba ta da tarbiyya.